Dinya Bakwai a Aboabo

Mu a Kumasi damina biyu gare mu,
ya da ƙanwa,
tsakaninsu Agusta, wata mai nauyin baki,
ba ya ruwa, ba ya rana,
sai ya ja gajimare ya rufe gari ya tsaya
kamar baƙon da bai san inda zai cire takalmi ba.

Dinyoyina bakwai ne. Da tara ne.
Ambaliyar bara ta tafi da guda ta bakin kwata.
Ɗayar kuwa na san tukunyar da ta shiga,
har ƙamshin miyar ya tsallako katanga ya gaishe ni,
amma maƙwabci ya fi dinya tsada.

Da asuba nakan yanka musu ganyen gwaza,
in haɗa da dusar da Lamisi mai koko take tara min.
Su ne ƙararrawar gidan nan,
ko kare bai kai su tsegumi ba.
Mai karɓar kuɗin wuta ya daina shigowa,
daga titi yake kiran sunana.

Ran Lahadi Fulera ta bugo daga Kanada.
Ta ce, Baba, gonar da nake aiki
dinya ba ta ƙwai sai yini ya fara tsawo.
Na ce yini yana tsawo? Roba ne?
Ta yi dariyar uwarta, Allah ya jiƙan rai,
ta ce akwai watan da magariba ke riskarsu ƙarfe huɗu,
akwai watan da mai azumi zai ga tara na dare
rana tana tsaye tana kallonsa.
Ta ce tafki yakan daskare ya zama faranti,
dinya ta taka a kai tana zamewa,
tana neman ruwan da ta bari jiya.

Na dubi nawa.
Nan ladan bai taɓa kauce wa ƙarfe shida da nisa ba,
yinin Muharram da na Rajab tsawonsu ɗaya
kamar an auna da igiyar tela.
To wa zai gaya wa Doguwa lokaci ya yi?
Shekara guda ta yi shiru, har na fara yi mata kuɗi,
sai ga ƙwai biyar
ƙarƙashin mataccen torotoron Opoku makanike.
Kwana talatin ta zauna cikin warin baƙin mai,
ta hana yaransa taɓa taya,
ta fito da biyu.
Har yau Opoku na cewa guda nasa ne, kuɗin haya.

Mahaifina, da goro ya kawo shi nan ya hana shi komawa,
yakan ce a fadamar Haɗeja dinya ba ta da ubangida.
Ruwa ya cika, ta sauka.
Ruwa ya janye, ka wayi gari sai gashi a kan taɓo.
Yana faɗa yana kallon arewa,
ni kuwa ina yaro, na ɗauka zancen tsuntsu yake.

Fulera ta ce, mu ma akwai na daji, Baba,
sanyi na matsowa sai su yi sahu a sama su bar mana garin,
ƙanƙara na narkewa sai ga su,
tafki ɗaya, gaɓa ɗaya, ba sa ɓata.
Sun san lokacin komawa gida.

Tambaya ta hau min harshe.
Shekara shida ke nan.
Kafin in buɗe baki ƙaramar damina ta sauko kan kwano,
ina cewa me kika ce, tana cewa me ka ce,
har waya ta gaji da mu.

Na sa buhu a ka na fita.
Bakwai ɗin suna tsakar gida, wuya a miƙe, baki sama,
suna shan ruwan tun bai taɓa ƙasa ba.
Gobe ne ranar rage musu fiffike.
Na nemi almakashin inda na saba ajiye shi,
na gan shi,
na bar shi a wurin.